Tsoron Da Ake Saye Da Kuɗi

Finafinan ban tsoro iri-iri ne, ba kuma dukansu ne suka shafi gaibu ba. A wasu, abin tsoron ɗan Adam ne riƙe da wuƙa. A wasu naman daji ne ko wata halitta da kimiyya ta ɓata. Kashi na uku shi ne wanda aka gina a kan abin da ido ba ya gani: fatalwa, aljani, maita, tsafi, la'anar da ke bin zuri'a, ko tsohon gidan da ba kowa a ciki amma ana jin motsi. Wannan kashi ya girmi kusan kowane irin fim. A 1896, shekara guda bayan 'yan'uwan nan Lumière sun fara nuna majigi ga masu biyan kuɗi a Paris, Georges Méliès ya yi Le Manoir du diable, fim na kimanin minti uku, inda jemage ke rikiɗa ya zama Shaiɗan. A 1922 F. W. Murnau ya fitar da Nosferatu a Jamus. Labarin littafin Dracula na Bram Stoker ya ɗauka ba da izini ba, matar marigayin ta kai ƙara, kotu ta ce a lalata duk kwafin da ke akwai. Wasu sun tsira, shi ya sa har yau ana iya ganin inuwar Count Orlok, dodon fim ɗin, tana hawa matakala da zaƙo-zaƙon farata, ba murya ba launi, amma tana ta da tsikar jiki.

Tambayar da ta dace matashi ya fara yi ita ce, me zai sa mai hankali ya biya kuɗin tikiti, ko ya ƙarar da datarsa, don kawai a firgita shi. Amsar daga jiki take farawa. A ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, wanda da ya hango alamar haɗari sai ya ta da jiki tun kafin tunani ya gama tantance abin. Nan take sinadarin adiranalin ya shiga jini, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sama, tafin hannu ya jiƙe, gaba ya faɗi. Duk wannan yana faruwa ga mai kallo da gaske, alhali hankalinsa ya san allo ne a gabansa, kuma da danna maɓalli guda komai zai ƙare. Daɗin yana tsakanin waɗannan biyu: jiki na neman gudu, hankali na zaune daram. Masanin halayyar ɗan Adam Paul Rozin ya sa wannan a layi ɗaya da cin yaji. Harshe na kukan wuta ta kama, mai ci kuwa ya san ba abin da zai ƙone, yana hawaye yana ƙara barbaɗawa a kan tsire. Wani masanin, Dolf Zillmann, ya bayyana cewa tashin da jiki ya yi ba ya sauka lokaci guda. Idan haɗarin cikin labarin ya wuce, ragowar tashin sai ya koma ya ƙara wa sakin rai armashi. Shi ya sa ake yawan jin dariya a silima bayan ihu.

Sai dai abin yana da ma'auni. A 2020 wasu masu bincike na Jami'ar Aarhus da ke Denmak, cikinsu har da Marc Andersen da Mathias Clasen, sun wallafa abin da suka gano bayan sun ɗaura wa mutum 110 na'urar auna bugun zuciya a wani gidan wasan firgitarwa da ke garin Vejle. Waɗanda ba su tsorata sosai ba sun fito ba su ji daɗi ba. Waɗanda tsoron ya yi wa yawa su ma haka. Masu jin daɗi su ne na tsakiya. Ma'aunin kuwa kowa da nasa. Abin da ya yi wa wani daidai yana iya hana wani barcin mako guda, kuma wannan ba ragwanci ba ne.

Hausawa ba baƙin wannan sha'awa ba ne. Tatsuniyar Dodo da dare ake yin ta, yara sun kewaye kaka ko goggo, kowa na matsawa jikin ɗan'uwansa, kowa kuma na roƙon a ƙara wata. Amma mai ba da labarin tana kallon fuskokinsu, ta san wanda idonsa ya fara kawo ruwa, ta san inda za ta sassauta, ta kuma rufe da ƙurunƙus kowa ya tafi kwana. Fim ya gaji tsoron, bai gaji kakar ba. Ba ya duban fuskar kowa. Don haka aunawar ta koma wuyan mai kallo, kuma aunawa ba ta yiwuwa sai an san yadda ake ƙera tsoron.

Dabara mafi arha ita ce razanar ba-zata: a yi shiru, a ja lokaci, sai fuska ta faɗo a allo tare da ƙara mai ƙarfi. Tsohuwar dabara ce. A Cat People na 1942, wanda Val Lewton ya shirya, Jacques Tourneur ya ba da umarni, wata mata na tafiya da dare tana jin takun sawu a bayanta; sawun ya ɗauke, shiru ya yi tsawo, sai wani huci ya tsaga shirun, ashe bas ce ta taka birki. A wancan fim dabarar ta yi aiki don an daɗe ana tara fargaba kafin a sake ta. Yau akwai finafinan da ba su da komai sai ita, sau goma ko ashirin. Zabura ba gwaninta ba ce. Duk wanda aka buga wa ƙofa ba zato zai zabura. Fim ɗin da sai ya yi ƙara yake ba da tsoro, in an rage murya sai ya zama abin dariya, kuma wannan gwaji ne mai sauƙi da kowane matashi zai iya yi.

Sauti dai shi ne rabin aikin. Daniel Blumstein, masanin halayyar dabbobi a Amurka, ya nazarci sautukan finafinai sama da 100 a 2010, ya ga masu fim ɗin ban tsoro sun fi amfani da kausasan sautuka marasa tsari, irin waɗanda ke fita daga maƙogwaron dabba ko jariri a cikin tsananin firgici. Kunne ya san wannan kuka tun kafin a koya masa. Sauran rabin kuwa ɓoyewa ne. Hausawa na cewa gani ya kori ji. A fim ɗin fatalwa gani yakan kori tsoro ma, domin da an nuna dodon sarai sai ido ya fara gane kwalliya da roba da aikin kwamfuta. The Haunting na Robert Wise, wanda ya fito a 1963 daga littafin Shirley Jackson, bai nuna fatalwa ko sau ɗaya ba. Bugun bango ne, da ƙofar katako da ke kumbura kamar ana tura ta daga waje, da mace da ta farka cikin duhu tana tsammanin hannun abokiyar kwananta ta riƙe, aka kunna fitila ta ga tana can nesa. Fiye da shekara sittin ke nan, fim ɗin bai tsufa ba.

Gwajin da ya fi wannan muhimmanci shi ne a tambaya: in an cire aljanin, akwai sauran labari? Finafinan da suka cancanci a ɓata musu awa biyu su ne waɗanda fatalwarsu ke ɗauke da wata damuwa ta mutane, wadda da an faɗe ta kai tsaye ba za a saurara ba. An ce tsoro na daji, kunya na gida, amma waɗannan finafinai tsoron suke kawowa cikin gida, tsakanin uwa da ɗa, miji da mata.

The Babadook, na Jennifer Kent daga Ostareliya a 2014, misali ne. Amelia ta rasa mijinta a haɗarin mota ranar da yake kai ta asibiti haihuwa. Shekara shida tana renon yaron ita kaɗai, ba ta yarda a ambaci sunan marigayin, ba ta kuma iya furta cewa ganin ɗan yana tuna mata da ranar. Sai wani littafin yara ya bayyana a gidan da wani dodo mai doguwar hula. Mai kallo ba ya daɗewa zai gane cewa dodon baƙin cikin da aka hana fita ne, kuma ƙarshen fim ɗin bai yi ƙaryar cewa ana kashe irin wannan abu ba. Under the Shadow na Babak Anvari, 2016, da harshen Farisa aka yi shi, labarin kuma a Tehran yake, lokacin da makamai masu linzami ke faɗo wa birnin a ƙarshen yaƙin Iran da Iraƙi. An hana Shideh komawa karatun likita saboda siyasar da ta yi tana ɗaliba, an tura mijinta fagen daga, makami ya huda rufin beninsu bai fashe ba, maƙwabta suna ta ƙaura ɗaya bayan ɗaya, 'yar tsanar 'yarta ta ɓace, aka ce aljani ne ya ɗauke. Ba a taɓa tabbatar wa mai kallo inda yaƙi ya tsaya da inda aljani ya fara ba. His House na Remi Weekes, 2020, ya bi wasu ma'aurata 'yan gudun hijira daga Sudan ta Kudu da aka ba wani ruɓaɓɓen gida a Ingila, da sharaɗin kada su bar shi. Abin da ke cikin bangon daga camfin ƙabilar Dinka aka ɗauko shi, bashi kuma yake bi, bashin abin da suka aikata don su tsira. Wunmi Mosaku da Sope Dirisu, dukansu 'yan asalin Nijeriya, su ne jaruman. Cikin ukun nan wannan ya fi nauyi a zuciya, ba don ya fi firgitarwa ba.

Japan na da nata salon. Ringu na Hideo Nakata, 1998, daga littafin Koji Suzuki, labarin wani kaset ne da duk wanda ya kalla za a kira shi a waya, ya mutu bayan kwana bakwai. Sadako, fatalwar fim ɗin, mai farin tufa da gashi rufe da fuska, ba sabuwar ƙirƙira ba ce. Farin tufa shi ne abin da ake sa wa gawa a al'adar Japan, macen da aka zalunta ta dawo ramuwa kuwa tana cikin wasan kwaikwayonsu tun kafin fim, kamar Oiwa ta wasan Yotsuya Kaidan na 1825. Da ƙyar ake ganin jini a Ringu. Abin da ke saura a rai shi ne hanyar tsira da labarin ya bayar: a kwafi kaset ɗin a nuna wa wani. Wato mutum ya zaɓi wanda zai ɗora wa masifarsa.

Masu kallo a ƙasar Hausa sun fi sabawa da na Indiya, daga gidan sarauta mai fatalwa na Mahal, 1949, zuwa macijiya mai ramuwa ta Nagin, 1976. Wanda ya fi cancantar nema a cikin na baya-bayan nan shi ne Tumbbad na 2018, labarin mutumin da ke sauka ƙarƙashin wani kangon gida yana satar zinariya daga wani abin bauta la'ananne, har ya koya wa ɗansa sana'ar. Kwaɗayi ne jigon, kamar yadda yake a Living in Bondage na 1992, fim ɗin Ibo da Kenneth Nnebue ya shirya a kaset, inda Andy ya ba da matarsa Merit ga ƙungiyar asiri don ya yi kuɗi, fatalwarta ta bi shi har ya haukace. Ya fito ne lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu da aka fara a Nijeriya a 1986 ya gasa wa jama'a aya a hannu, ana kuma ganin masu kuɗin da ba a san sana'arsu ba. Ga wanda bai saba da finafinan ban tsoro ba kuwa, The Sixth Sense na 1999 da The Others na 2001 sun fi dacewa da farawa: ba yawan jini, ba batsa, labari ne ke jan su.

Akwai wani reshe da ke buƙatar taka-tsantsan na dabam, wato finafinan shafar aljanu da fitar da su. Uban tafiyarsu The Exorcist ne, na William Friedkin, 1973, wanda aka sa shi takarar Oscar goma ya ci biyu, ɗaya na rubutu ɗaya na sauti, kuma shi ne fim ɗin ban tsoro na farko da ya shiga takarar gwarzon fim. Gwaninta ce ta gaske, amma yana cike da ashar da wulaƙanta abubuwan ibada na Kirista, har a Ingila an janye kaset ɗinsa daga kasuwa a 1988, bai dawo ba sai 1999. Ba fim ɗin ɗan sakandare ba ne. Ƙasashen Musulmi su ma sun shiga wannan fage: Dabbe na Hasan Karacadağ a Turkiyya daga 2006, Munafik na Syamsul Yusof a Malesiya a 2016, da Pengabdi Setan na Joko Anwar a Indunusiya a 2017, wanda mutum sama da miliyan huɗu suka kalla a silima. Waɗannan sun fi shiga jikin matashi Musulmi, domin ayoyin da yake ji a ciki nasa ne, malamin da yake gani kuma irin na unguwarsu ne. A nan haɗarin yake. Samuwar aljanu tana cikin Alƙur'ani, har da sura guda mai sunansu, amma yadda suke tafiya a bango da ka'idojin da fim ke ɗora musu daga kan marubuci suka fito, shi kuma burinsa tikiti ya sayu. Dawowar mamaci yana yawo a gida ba ta cikin aƙidar Musulunci. Mai neman sanin gaibu wurin malami zai je, akwai kuma malaman da ke ƙin kallon irin waɗannan finafinai gaba ɗaya. Wanda ya bi wannan ra'ayi bai rasa wani abu na dole ba.

Haka kuma rubutun da ake sa wa a farkon fim cewa labarin gaskiya ne, yawanci talla ce. Masu The Blair Witch Project na 1999 sun baza a intanet cewa jaruman uku sun ɓace da gaske, alhali suna raye. Fim ɗin da aka ɗauka da kuɗi ƙalilan ya tara kusan dala miliyan 250. Labarin gidan Amityville, wanda ya zama fim a 1979, lauya William Weber ya fito a shekarar ya ce da shi aka zauna aka tsara shi. Annabelle ta cikin jerin The Conjuring, ainihinta 'yar tsanar tsumma ce mai fara'a, masu fim ne suka ƙera mai munin fuska. Inda kuwa akwai gaskiya a ƙarƙashi, takan fi fim ɗin ɗaci. The Exorcism of Emily Rose na 2005 ya samo asali daga Anneliese Michel, Bajamushiya da likitoci suka tabbatar tana da farfaɗiya. An daina kai ta asibiti, aka yi mata zaman fitar da shaiɗanu har 67, ta mutu a 1976 tana da shekara 23 saboda yunwa da ƙishirwa, kotu kuma ta sami iyayenta da limaman coci biyu da laifin sakaci. Matashin da ya cika kansa da finafinan shafa yana iya ganin ƙanwarsa ta faɗi tana kumfar baki ya manta da asibiti, ko ya fara yi wa tsohuwar da ke zaune ita kaɗai kallon mayya. Addu'a da magani ba sa hana juna. Abin sha'awa, fim ɗin Indiya Bhool Bhulaiyaa na 2007 a kan wannan gaɓar ya tsaya: gida duka ya yarda fatalwa ce, likitan ƙwaƙwalwa ya gano cuta ce.

Batun shekaru ba wasa ba ne. A 1999 Kristen Harrison da Joanne Cantor sun tambayi ɗaliban jami'a kimanin 150 a Amurka. Kusan kashi 90 cikin 100 sun tuna wani fim da ya firgita su suna yara ko suna tasowa, fiye da rabi sun sami matsalar barci ko cin abinci, kimanin ɗaya cikin huɗu kuma sun ce har lokacin tsoron bai sake su ba. Waɗanda suka kalla suna ƙanana su suka fi daɗewa da shi, kuma da yawa ba su suka zaɓi fim ɗin ba, wani ne ke kallo suna wurin. Wannan magana ta yayye ce. Yaro ɗan shekara biyar ko shida bai gama raba gaskiya da wasa ba, ce masa "ai fim ne" ba ya warkar da komai. Lambobin 12, 15 da 18 da Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa a Nijeriya, wadda aka kafa a 1993, ke sa wa finafinai, da harafin R na Amurka, don wannan aka yi su. Sai dai fim ɗin da aka tura daga waya zuwa waya ba ya zuwa da lamba, dole mai kallo ya bincika da kansa kafin ya buɗe a ɗakin da ƙannensa ke kwance.

Yanayin kallo ma yana canza nauyin fim. Wanda aka kalla da yamma tare da abokai, ana ihu ana dariya, ba ɗaya ba ne da wanda aka kalla ƙarfe biyun dare, a ƙarƙashin bargo, da abin sauraro a kunne. Na biyun ya kawar da duk abin da ke tuna wa hankali cewa wasa ne, ya kuma ci lokacin barci. Rashin barci na daga cikin abubuwan da ke jawo dannau, yanayin da mutum ke farkawa ya kasa motsi ko magana, ya ji nauyi a ƙirji, wani lokaci ya ga inuwa a bakin gado. A bayanin likitoci, jiki kan kulle tsokoki yayin barcin mafarki don kada mai barci ya aikata abin da yake gani, sai hankali ya riga jiki farkawa. Yakan wuce cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci. Wani nazari na 2011 da ya tattara bincike da dama ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na jama'a sun taɓa fuskantarsa, a tsakanin ɗalibai kuwa kashi 28. Ƙwaƙwalwar da aka ciyar da Sadako awa guda kafin kwanciya ba za ta rasa fuskar da za ta ba inuwar ba. Mai fama da faɗuwar gaba, ko waswasi, ko wanda bai daɗe da yin rashi ba, ko wanda ya taɓa ganin tashin hankali da idonsa, gara ya jinkirta irin wannan kallo ko da abokai za su yi masa tsiya. Idan kuma mugun mafarki, tsoron duhu ko ƙin kwana shi kaɗai suka wuce 'yan makonni har suka fara taɓa karatu ko aiki, sai a dakatar da kallon, a gaya wa babba a gida, a ga likita.